Asalin jami'i da ruwan dattin masana'antu a Kaduna: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Doka ɗaya ce, to ina ruwan asalin jami'in muhalli, wato karatunsa da garinsu da inda ya taɓa aiki, da abin da kamfani ke zubarwa?

Amsa: Doka ba ta zuwa bakin magudana da ƙafarta, mutum ne ke zuwa. Ƙa'idar tarayya ta 1991 ta ce ruwan da masana'anta za ta saki a rafi kada zafinsa ya kai digiri 40, ma'aunin tsaminsa na pH kuma ya tsaya tsakanin 6 da 9. Amma ranar ziyara, da inda za a ɗebi samfur, da ko a ba da takardar gargaɗi ko a garƙame ƙofa, duk suna hannun jami'in KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, ko na NESREA, takwararta ta tarayya.

Tambaya: Me wanda ya karanci fannin yake gani da wani ba ya gani?

Amsa: Nan ne bambancin ya fi fitowa. Wanda bai san aikin ba sai a zaunar da shi a ofis, a miƙa masa rahoto mai tsabta, ya sa hannu. Masani kuwa tankin tace ruwa yake nufa. Zai nemi rasidin alif da farar ƙasa, da lissafin gas ɗin injin da ke hura iska cikin tankin, ya tambayi ina ake kai laka. Tankin da ba ya tara laka ba ya aiki. Samfur kuma a bakin bututun ƙarshe ake ɗiba, ba tare da sanarwa ba, har da dare, domin lokacin ne ake kashe inji don tattalin mai. A sa kwalbar cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. In ta wuni a bayan mota cikin rana, ƙananan halittun da ke cikin ruwan sun cinye wani kaso na dattin, sakamako ya fito da kyau alhali ruwan gurɓatacce ne.

Tambaya: Ɗan gari ya fi, ko baƙo?

Amsa: Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ya san wace magudana ke sauya launi kafin ta faɗa Kogin Kaduna, danginsa ne kuma ke noman alayyahu da ruwan a rani. Wannan kishi abin so ne. Sai dai ƙaninsa na iya zama ma'aikaci a kamfanin, kuma tun rufewar masaƙu ba mai son a ce shi ya raba mutane da abincinsu. A ganinmu a haɗa su biyu a tawaga ɗaya.

Tambaya: Wanda ya taɓa aiki a masana'anta fa?

Amsa: Ya san bututun ɓoye, ya kuma san manaja. A sa shi ya bayyana inda ya yi aiki a rubuce, a hana shi duba wannan kamfanin, a tura shi sauran.