Naman layya da abin da muke gani bayan Sallah

Duk shekara, kwana biyu ko uku bayan Babbar Sallah, benci ba ya isar mutane a ɗakin shan maganinmu. Yara na gudawa da amai, manya na kukan jiri da ciwon kai.

Bara wata uwa ta kawo mini ɗanta mai shekara huɗu, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Ashe farfesun kayan ciki aka dafa da hantsi, ya wuni a tukunya, da dare aka zuba wa yara ba a sake ɗora shi a wuta ba. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba, balle a irin zafin garinmu, ga wutar lantarki ba tabbas. Kayan ciki ne ke fara lalacewa, don haka a dafa su a cinye a ranar. Abin da ya jima kuwa a tafasa shi sosai, ɗumame sama-sama ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ma, sai an wanke ta da sabulu kafin ta taɓa albasar kwaɗo.

Iyayenmu masu hawan jini, ku kuka fi tsaya mini a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, kamar cokalin shayi ɗaya ke nan. To ga gishirin suya, ga dunƙulen Maggi a miya, ga yajin da aka daka da su duka biyun. Kafin azahar an zarce. Ba cewa nake Baba ya ƙaurace wa ragonsa ba. A zaɓar masa tsoka, a cire kitsen, a dafa da albasa, citta da tafarnuwa. Don Allah kuma kada hidimar baƙi ta sa a manta da shan magani.

Masu ciwon sukari, ƙaramar kwalbar Coca-Cola ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Zoɓon gida ya fi, muddin ba a cika masa sukari ba.

Idan gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: tsabtataccen ruwa lita 1, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. In ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, a kawo shi ko da tsakar dare ne.