Waiwaye: Yahudawan Amurka da aikin sa-kai na koya wa yara karatu

Tun da sakamakon jarrabawar NAEP, wadda ake auna ƙoƙarin ɗaliban Amurka da ita, ta 2024 ya fito a watan Janairun 2025, muhawara ta sake kaurewa a Amurka kan karatun yara. Kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan aji huɗu sun kasa kai matakin farko a karatu, abin ma ya fi na 2022 muni. Wasu na ɗora laifin kan annobar korona da rufe makarantu, wasu kan wayar hannu. Cikin masu shan tambaya har da 'yan sa-kai da suka shafe shekaru suna zama da yara a makarantun gwamnati: shin awa ɗaya a mako tana tsinana wani abu? Ƙungiyoyin Yahudawa na cikin waɗanda suka daɗe a wannan fage, kuma tarihinsu ya nuna tambayar ta girmi korona nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Talmud, littafin koyarwar malaman Yahudawa, ya ruwaito cewa Yehoshua ben Gamla, babban firist a Kudus a ƙarni na farko, ya sa a naɗa malamai a kowane gari, a kai yara makaranta suna da shekara shida ko bakwai. A wajen Yahudawa taimakon mabuƙaci, wato tzedaka, wajibi ne ba ganin dama ba. A Amurka kuma attajirin Bayahude Julius Rosenwald ya haɗa hannu da Booker T. Washington, malami kuma jagoran baƙar fata, kafin 1932 an gina makarantu kusan 5,000 don 'ya'yan baƙar fata a jihohi 15 na kudu, mutanen ƙauyukan kansu suna ba da kuɗi da fili da ƙarfinsu. Wannan duk aikin kuɗi ne da gini.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sauyin da ya faru a 1996 da 1997. Gwamnatin Bill Clinton ta ƙaddamar da shirin America Reads, da burin kowane yaro ya iya karatu da kansa kafin ya gama aji uku, aka nemi 'yan sa-kai miliyan ɗaya. Leonard Fein, marubucin da ya kafa ƙungiyar yaƙi da yunwa ta MAZON a 1985, ya amsa kiran da kafa National Jewish Coalition for Literacy, yana neman Yahudawa 100,000. Al'ummar da ba ta wuce kusan kashi biyu cikin 100 na jama'ar ƙasar ba ta ɗauki ɗaya bisa goma na nauyin. Boston ta fara a 1997, Los Angeles ta biyo da shirin KOREH L.A. a 1999, sauran birane suka bi sahu.

Sabon abu a nan shi ne an daina cewa mutum ya rubuta cek ya koma gida. An ce ya zo da kansa. Lauya, ɗalibin jami'a, dattijuwar da ta yi ritaya, kowa ya tsallaka zuwa unguwar da ba ya zuwa, ya zauna kan ƙaramar kujera kusa da yaron da ba addininsu ɗaya ba, sau da yawa Turanci ma ba shi ne harshen gidansu ba. Majami'un Yahudawa suka riƙa ɗaukar makaranta guda a matsayin tasu, suna tara littattafai. Masu shirin suna kiran wannan tikkun olam, gyaran duniya, kuma babu mai musun cewa an ƙulla zumuncin da kuɗi ba ya ƙullawa.

Sai dai tsarin ya ginu kan fahimtar wancan zamani: yaron da ke baya a karatu littattafai ya rasa da wanda zai zauna da shi, in ya samu biyun karatu zai zo da kansa. Don haka horon 'yan sa'o'i aka ga ya isa. Ga yaro ɗan aji biyu da littafi a buɗe, yatsan dattijuwar a ƙarƙashin kalma. Ya cije. Idonsa ya haura kan hoton da ke sama, ya ga doki, ya faɗi sunan doki. An yaba masa, an juya shafi. Haruffan kalmar kuwa bai haɗa su ba, kuma littafin aji huɗu ba shi da hoton da zai cece shi. Ba dattijuwar ce ta ƙirƙiro wannan dabara ta cinta ba, haka ake koyarwa a ajujuwa da dama a lokacin.

A 2000 kwamitin ƙasa kan koyar da karatu, National Reading Panel, ya fitar da rahoto mai jaddada cewa dole a koya wa yaro sautin haruffa da haɗa su daki-daki, abin da duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo zai gane nan take. Shekaru suka shuɗe kafin wannan ya shiga aji sosai. Jihar Mississippi ta yi doka a 2013, ta sake horar da malamanta, ta tashi daga ta 49 cikin jihohi a karatun aji huɗu zuwa ta 9 a 2024. Jihohi da dama yanzu sun haramta koyar da cinta daga hoto.

Wannan ne ya sa 'yan sa-kai a tsaka mai wuya. Bayan korona, masana sun fi karkata ga darasi aƙalla sau uku a mako, da mai koyarwa guda da aka horar, bisa tsararren manhaja. Ma'aikacin ofis da ke satar awa ɗaya ranar Talata ba zai iya wannan ba. A cikin ƙungiyoyin akwai masu son a ƙara horo kan sautin haruffa ko da wasu za su janye, akwai kuma masu cewa haɗa baƙi aikin malami ne, nasu shi ne yaro ya ji wani babba ya taso takanas don ya saurari karatunsa.