Ingancin Aikin Asibiti da Hanyoyin Biyansa Kuɗi

Ingancin aikin asibiti shi ne gwargwadon lafiyar da asibiti ke samar wa majinyata idan aka auna ta da abin da ya ci na kuɗi, ma'aikata, gadaje da kayan aiki. Asibitoci biyu kan iya zama da gadaje da likitoci daidai wa daida, amma ɗaya ya sallami majinyata 10,000 a shekara, ɗayan ya tsaya a 7,000. Masana tattalin arzikin kiwon lafiya kan nemi sanin abin da ya kawo wannan tazara, sannan su bi diddigi su ga ko waɗanda aka sallama ɗin sun warke ko kuwa an dai kore su gida ne. Batun ya zama abin damuwa ga gwamnatoci saboda asibiti ne ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin lafiya a yawancin ƙasashe. A Amurka kaɗai yana cin kusan kashi 30 cikin 100. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 kuma ya ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a duniya asara yake tafiya.

Inda kuɗin ke fitowa

Manyan hanyoyin huɗu ne. Akwai inshorar dole da ma'aikaci da mai ba shi aiki ke zuba wa kuɗi, wadda Jamus ta fara a 1883 zamanin shugaban gwamnatinta Otto von Bismarck. Akwai haraji, kamar yadda Birtaniya ke yi tun da ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, a 1948. Sai inshorar kamfanoni masu zaman kansu, wadda ta fi ƙarfi a Amurka, sai kuma biya daga aljihun majinyaci, hanyar da ta fi jefa iyalai cikin talauci. Kusan kowace ƙasa gauraya su take yi.

Yadda ake biyan asibiti

Abin da ya fi tsara halin asibiti shi ne ma'aunin da ake biyansa da shi, fiye ma da inda kuɗin ya fito. A ɗauki misalin dattijuwar da ta faɗi ta karye a ƙugu. Idan ana biyan asibiti kan kowace hidima, to kowane hoto, kowane gwajin jini da kowace leƙowar likita kuɗi ne, don haka babu mai hanzarin cewa gwaji na uku bai zama dole ba. Idan kan kowane kwana ake biya, gadonta ya zama jari: kwanaki biyun farko, na tiyata da kulawa ta kusa, su ne masu tsada, sauran kuwa riba ce, sai a ga sallama tana jan ƙafa. Idan kuma dunƙulallen kasafi aka ba asibitin tun farkon shekara, dattijuwar ta zama nauyi, domin zuwanta bai ƙara ko sisi ba. A irin wannan tsari ne layin jiran tiyata ke yin tsawo.

Don kauce wa waɗannan ramuka ne Robert Fetter da John Thompson na Jami'ar Yale suka ƙirƙiro tsarin biya bisa rukunin cuta, wanda ake kira DRG, a shekarun 1970. Ana kasa majinyata rukuni-rukuni bisa cutar da ta kawo su, aikin da aka yi musu, shekarunsu da sauran larurorin da suke ɗauke da su, sannan a yanka wa kowane rukuni farashi guda. Asibitin da ya warkar da dattijuwar nan da abin da bai kai farashin ba ya riƙe ragowar, wanda ya zarce kuma ya cike daga aljihunsa. Shirin Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa tsofaffi, ya rungumi tsarin a 1983, kuma nan da nan kwanakin da majinyata ke yi a kwance suka ragu. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta bi sahu a 1993, sannan Jamus, Faransa da Ingila suka shigo a tsakanin 2003 da 2004, kowace da irin nata salon.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da farashi ya rataya a kan abin da aka rubuta a fayil, sai rubutun ya zama sana'a. Asibitoci suka ɗauki ƙwararrun da aikinsu shi ne su tabbatar an lissafa kowace ƙaramar larura domin majinyaci ya haura zuwa rukuni mai tsoka. Wasu suka riƙa sallamar mutane da sauran jinya a jikinsu, wasu suka karkata ga tiyatar da ke da riba suka yi wa sassan da ba su kawo kuɗi riƙon sakainar kashi. Jamus ta ga yadda matsin ya faɗa kan ma'aikatan jinya, har ta cire albashinsu daga farashin DRG a 2020 ta ware masa kasafi na daban. Jihar Maryland ta Amurka kuwa ta koma ga dunƙulallen kasafin shekara tun 2014.

Ma'aunan da ake amfani da su

Mafi tsufa su ne matsakaicin kwanakin da majinyaci ke yi, da yawan gadajen da ke cike, da sau nawa gado ɗaya ke karɓar sabon majinyaci a shekara. Ƙasashe sun sha bamban a nan: Japan na da gadaje sama da 12 ga kowane mutum 1,000, Jamus kusan 8, Birtaniya da Amurka kuwa ba su kai 3 ba. Yawan gado ba ya nuna lafiyar tsari. Tun wajen 1960 masanin lafiyar jama'a Ba'amurke Milton Roemer ya lura cewa inda inshora ke biya, gadon da aka kafa ba ya rasa mai hawa.

Ƙarancinsa ma matsala ce, kuma nan ne mai duba alƙaluma daga ofis kan ruɗu. A takarda, asibitin da kashi 98 cikin 100 na gadajensa ke cike ya fi kowa iya tattali. A zahiri, shi ne asibitin da majinyaci ke kwana kan gadon turawa a baranda, motar ɗaukar marasa lafiya na tsaye a ƙofa ta kasa sauke wanda ta kawo, ma'aikaciyar jinya na bugo waya daga sashe zuwa sashe tana neman gado, an kuma soke tiyatar wanda ya kwana da yunwa yana shiri. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 1999 ya nuna cewa haɗarin rasa gado na fara bayyana da zarar cikar ta haura kashi 85, adadin da ya zama abin kafa hujja har yau.

Avedis Donabedian, likita kuma masani a Jami'ar Michigan, ya kawo tsari ga fagen auna aikin asibiti a 1966, inda ya raba aunawa gida uku: abin da asibiti ke da shi, abin da yake yi wa majinyaci, da abin da ya biyo baya. Na ukun ne ya fi muhimmanci kuma ya fi wuyar aunawa. Asibitin da ke karɓar waɗanda jikinsu ya fi tsanani dole mutuwa ta fi yawa a cikinsa, ko da likitocinsa sun fi ƙwarewa, shi ya sa ake daidaita alƙaluman da nauyin cutar kafin a kwatanta. Haka ma komowar majinyaci cikin kwana 30 bayan sallama: tun 2012 Medicare ke zaftare wa asibitocin da komowa ta yi yawa a cikinsu, zaftarewar da kan kai kashi 3 cikin 100. Masu suka sun ce hukuncin ya fi faɗawa kan asibitocin da ke hidima ga talakawa, waɗanda ba su da mai kula da su idan sun koma gida.

Tsimi da inganci

Albashi ne ke cin mafi yawan kasafin asibiti, don haka can almakashi ke fara nufa. Binciken masaniyar aikin jinya Linda Aiken da abokan aikinta na 2002 a Amurka ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya na tafe da ƙarin kashi 7 cikin 100 a yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30. Rahoton binciken da lauya Robert Francis ya fitar a 2013 kan asibitin Stafford a Ingila ya bayyana yadda shugabanni suka duƙufa kan daidaita lissafi da cika sharuɗɗan gwamnati, aka rage ma'aikata, majinyata suka wulaƙanta.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin kuɗi sosai. Takardar tantancewa kafin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 tambayoyi 19 ne kacal, irin su tabbatar da sunan majinyaci, gefen da za a yanka, da ƙirga audugar da aka yi aiki da ita kafin ɗinki. A asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban da aka gwada ta, mutuwa bayan tiyata ta sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Asibitin ido na Aravind, wanda Govindappa Venkataswamy ya kafa a Madurai ta Indiya a 1976, ya bi wata hanyar: likita na aiki tsakanin tebura biyu, yana cire yanar idon wannan ana shirya masa wancan, kuma kuɗin masu hali ne ke ɗaukar nauyin waɗanda ake yi wa kyauta ko a rahusa.