Zayyana a Damagaram

Zayyana ita ce adon da ake yi wa rubutun Larabci ko na ajami da zane masu launi, a kan allo ko takarda ko fata. A Damagaram an fi saninta da allon zayyana, wanda ake ƙawata wa almajiri ranar saukar Alƙur'ani, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, a kewaye su da murabba'i da da'ira da saƙar layuka.

Tarihi

Galibin masana suna danganta hannun rubutun wannan yanki da Barno, wadda sarakunan Damagaram suka daɗe suna kai wa gaisuwa. Rubutun Barnawi reshe ne na rubutun Magariba, yana da kaurin baƙi, kuma da shi ake rubuta Alƙur'ani bisa riwayar Warshu. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga wajen 1851 zuwa 1884, birnin ya zama babban zangon ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus, kuma ta wannan hanya ce takardar Italiya mai tambarin wata uku ta riƙa isowa hannun marubuta. Ba a ɗinke warƙoƙin irin wannan Alƙur'ani, sai dai a haɗa su cikin tadarishi, wato bangon fata, a sa a gafaka, abin da ya haɗa marubuci da majemi da baduku a kan aiki guda.

Kayan aiki

Alƙalami na gamba ne ko kara, ana fiƙe shi da aska. Tawadar allo daga gawayi da ƙaro ake haɗa ta, domin ta wanku idan an gama harda. A takarda kuwa kowane launi da aikinsa: baƙi na harafi, ja na wasali, ruwan ɗorawa na hamza. Wasu daga cikin siffofin zayyana, musamman dagi, ana ganin su a bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni, inda magina ke fitar da su da hannu tun yaɓe yana ɗanye.

Masu zane na zamani

Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin allo ne, kuma ya mai da harafin Larabci ginshiƙin zanensa don ya nuna tushensa bayan ya yi karatu a Landan. A Nijar, mawaƙi Hawad, haifaffen yankin Ayar, wato Azbin, a 1950, ya yi makamancin haka da haruffan Tifinagh na Buzaye. A Damagaram ma zayyana ta fita daga tsangaya, ana yin ta a kan takarda da jemammiyar fata don ratayawa a ɗaki. Malamai sun saɓa a kan halaccin mai da aya kayan ado na sayarwa.