Tsutsa mai jijiya 302: yadda ƙwayoyin gado ke tsara jijiyoyinta

Wace tsutsa ce wannan, kuma me ya sa masana suka nace mata?

Sunanta Caenorhabditis elegans. Tsawonta kamar milimita 1 ne, tana rayuwa cikin ƙasa da ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa. Jikinta garau yake, ana hango cikinsa da madubin ƙara girma, kuma cikin kwana 3 ta isa yin ƙwai. Masanin kimiyya Sydney Brenner ne ya zaɓe ta domin bincike a Ingila cikin shekarun 1960. Mata-mazanta na da ƙwayoyin jijiya 302 cif, kowace da mazauninta da ba ya canzawa. Saboda haka in ɗaya ta ɓace ko ta kauce, nan take za a gane, a bi sawu har zuwa ƙwayar gadon da ta samu matsala.

Ta yaya ƙwayar jijiya ke sanin aikin da za ta yi?

Nan ne gizo ke saƙa. Kowace ƙwayar halitta a jikin tsutsar na ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, kimanin 20,000. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanda aka kunna. Akwai 'yan ƙalilan da aikinsu kunna sauran ne. Tsutsar na da ƙwayoyi 6 masu jin taɓawa mai sauƙi, kuma ƙwayoyin gado biyu masu suna unc-86 da mec-3 ne ke haɗa kai su kunna duk abin da waɗannan ƙwayoyi ke buƙata. Martin Chalfie ya riƙa shafar tsutsotsi da silin gashin gira yana ware waɗanda ba su motsa ba. In mec-3 ta lalace, ƙwayoyin na samuwa, amma ba sa zama masu jin taɓawa. Haka che-1 take ga ƙwayoyi biyu masu ɗanɗanar gishiri. Abin da ya fi burge ni shi ne binciken Oliver Hobert na Jami'ar Kolombiya: irin waɗannan ƙwayoyin gado sai sun ci gaba da aiki muddin rai, in aka kashe su bayan tsutsa ta girma, jijiyar kan fara rasa kamanninta.

Wa ke nuna wa zaren jijiya, wato dogon silin da ƙwayar jijiya ke miƙawa don kai saƙo, hanya?

Ɓangaren ƙasa na jikin tsutsar, wato wajen cikinta, na fitar da wani furotin da ƙwayar gado mai suna unc-6 ke samarwa. Zaren da ke ɗauke da unc-40 yakan nufo shi, mai ɗauke da unc-5 kuma ya guje shi ya yi wajen gadon baya. Irin wannan furotin, netrin, yana aiki a lakar mutum ma.

Da gaske ne wasu ƙwayoyin kashe kansu suke yi?

Ƙwarai kuwa. John Sulston ya zauna yana kallon rarrabuwar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya gano ana samar da 1,090, amma 131 na mutuwa, kowace a lokacinta, kuma mafi yawansu na jijiya ne. Robert Horvitz ya nuna cewa ƙwayoyin gado ced-3 da ced-4 ne ke zartar da kisan, ced-9 kuma ke hanawa. Su biyun da Brenner sun samu lambar Nobel a 2002. Takwarar ced-9 a jikin mutum ita ce BCL-2, wadda in ta yi aiki fiye da kima, ƙwayoyin da ya kamata su mutu sai su ƙi mutuwa, abin da ke faruwa a wasu nau'o'in sankarar jini.