Wai don littafinki bai fito a takarda ba shi ke nan ba ki da haƙƙi?

'Yan uwa marubutan onlayin na nan Bauchi da Gombe, wannan maganar ta daɗe tana yawo a guruf-guruf, wai littafin da aka rubuta a waya gwamnati ba ta san da zamansa ba, duk wanda ya tsinta nasa ne. Ba haka ba ne wallahi. Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1988, kuma sabuwar ta shigo da harkar intanet ƙarara.

Dokar cewa ta yi da zarar kin ƙirƙiri labari da kanki kin ajiye shi a wani abu da za a iya karantawa, takarda ce ko waya ko kwamfuta, ya zama naki, ba sai kin yi rajista ba. Kuma naki ne har ki koma ga Allah, magadanki su ci gaba da cin moriyarsa shekara 70 bayan nan. Rajista da hukumar NCC, wato hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya, ganin dama ne, amma ni dai ina ganin mai hali ta yi, don ranar rigima takardar tana rage surutu. Lambar ISBN kuwa ta Laburaren Ƙasa ce, shaidar littafi ce kawai, ba ita ke ba da mallaka ba.

Sai dai fa jigo ba na kowa ba ne. Don kin rubuta labarin kishiya ko auren dole ba za ki hana wata rubuta nata ba, abin da doka ta kare shi ne zubin rubutunki da yadda kika jera shi.

To mu zo kan inda ya fi ciwo. Kin buɗe guruf na kuɗi, an biya ɗari biyar-biyar, wata ta shiga ta kwashe shafukan ta haɗa dokumen ta watsa a Telegram, ko wani mai tasha a YouTube ya zauna ya karance shi kaf yana cin kuɗin talla, ya ɗan rubuta sunanki a ƙasa wai ya fita haƙƙinki. Bai fita ba. Kwafa, juyawa zuwa odiyo ko fim, fassarawa, ɗorawa a intanet, duk sai da izininki, kuma wadda ta biya kuɗin guruf damar karatu ta saya, ba damar rabawa ba. Mai ɗorawa don neman kuɗi ba izini laifi ne da zai iya kai shi ga tara ko ɗauri. Abin da aka sassauta shi ne mutum ya ɗan tsakuro don sharhi ko nazari, tare da ambaton mai shi.

Inda mu marubuta muke cutar kanmu shi ne izinin baki. Wani ya turo saƙon murya, "Anti don Allah zan karanta a tashata", kika ce bismillah, to a doka wannan izini ne, ko da baki aka bayar yana aiki. Amma sayar da haƙƙin gaba ɗaya, ko ba mutum ɗaya tak dama shi kaɗai, wannan ba ya tabbata sai a rubuce. Don haka in furodusa ya ce ai ya tura miki dubu hamsin labarin ya zama nasa har abada, ki ce ya nuna takarda. In kuma za ki sa hannu ki karanta da kyau, fim kaɗai ne ko har odiyo, shekara nawa, nawa ne rabonki. Ko kin sayar ma dokar ta bar miki ikon a ambaci sunanki, kuma kada a jirkita labarin ta yadda zai zubar miki da mutunci.

In an riga an sace, kar ki fara da zagi a sitatus. Ki ɗauki hoton shafin da adireshinsa, ki adana ainihin rubutunki mai kwanan wata, sannan ki aika wa kamfanin da abin yake kansa ƙorafi a rubuce, dokar ta ɗora musu sauke shi, YouTube ma suna da fom na musamman don haka. In abin ya girma sai NCC ko lauya, kuma shari'ar irin wannan ta Babbar Kotun Tarayya ce, akwai ta a Bauchi akwai a Gombe, ba sai kin tafi Abuja ba.