Wayarka ta gaji? Tambayoyi da amsoshi kafin ka nufi Computer Village

Tun da aka gane ina da ɗan sani a harkar waya, da wuya in fito daga masallacin unguwarmu a Agege ba wanda ya tare ni da waya a hannu. Wani sikirin ya tsage kamar saƙar gizo, wani ya ɗaure murfin baya da kyauro. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su nan da amsar da nake bayarwa.

Batirina ba ya kai azahar. Sabuwa zan saya ko gyara zan yi?

In batir ne kaɗai matsalar, kada ka jefar da wayar. Batir ƙarewa yake yi kamar tayar mota. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai caji kullum bai cika shekara biyu ba zai haye wannan adadi, balle a zafin Legas, da wutar janareta mai hawa da sauka. Sauya batir bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar waya ba. Amma in ka ga ya kumbura har yana ɗaga murfi, kada ka kwana da shi a ƙarƙashin filo, kai shi a cire a ranar.

Wani dattijo mai harkar albasa a Mile 12 ya taɓa kawo mini tasa, wai ta daina ɗaukar caji, har ya ware kuɗin sabuwa. Na ce, "Baba, a ba ni minti biyu." Da tsinken sakace na zaƙulo dunƙulen zare da ƙurar aljihu daga bakin cajin, kamar ƙwayar dawa. Na jona caja, ta kama. Har yau ita ce a hannunsa.

Abubuwan da ke sa in ce a haƙura da tsohuwa su ne: injin ya fara kashe kansa ba dalili, ko manhajar banki ta ce ba ta aiki a kan irin wayar, ko ma'ajiyarta giga 32 ce kullum sai an goge hoton suna kafin a ɗauki na biki.

To, nawa ya kamata in kashe?

Ni ba na tambayar nawa ne kuɗin waya. Abin da nake tambaya shi ne nawa take ci a shekara. A ce ka sayi ta naira 120,000, bayan shekara ɗaya da rabi ta fara maƙalewa ka koma kasuwa: naira 80,000 ke nan kowace shekara. A ce kuma ka daure ka sayi ta 260,000 ta yi maka shekara huɗu, ka sa mata batir sau ɗaya a 20,000: naira 70,000 a shekara. Misali ne kawai na kafa, farashin yau ba shi ne na gobe ba, amma ka ga inda lissafin ya faɗi. Mai tsadar ita ce mai arhar, ga kwanciyar hankali. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Akwai kuma abin da ya sa wannan lissafi ya ƙara nauyi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance har ta haura 1,500 a 2024. Waya kuwa da dala ake shigo da ita. Duk wanda ya saba sauyawa kowace shekara ya ji a jikinsa.

Sai dai daidai ruwa daidai tsaki. Wadda za a saya wa Inna a gida don kiran waya da sauraron karatu ba ita ce ta ɗan kai saƙo a babur ba, wanda taswira ke kunne a gabansa tun safe har dare. Kada a ci bashi don a burge 'yan majalisa.

A kwali an rubuta RAM 16 da kyamara 108. Ai ta haɗu ko?

Nan ne ake yi wa mutane rufa-ido, kuma ba ƙarya aka rubuta ba, ƙananan haruffan ne ba ma karantawa. Duba da kyau, za ka ga 8+8 ne, ko 4+4. Adadin farko shi ne RAM na gaskiya, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da take aiki da su a lokacin. Na biyun aro ne daga ma'ajiya, kuma ma'ajiya ba ta da saurin RAM, kamar a ce ɗakinka ya yi kaɗan ka ƙirga da baranda. In kana so waya ta kai shekara uku ko huɗu, nemi giga 6 ko 8 na gaskiya, da ma'ajiya aƙalla 128. Mai saye da sayarwa ta WhatsApp, wanda hotunan atamfa da bidiyon kaya ke shigo masa dare da rana, 256 ta fi masa.

Abin da aka fi ɓoyewa shi ne injin da ke tuƙa wayar. Ka tambayi sunansa. Unisoc T606 da Helio G36 na ƙananan wayoyi ne, za su yi kira da saƙo, amma kada ka ɗora musu kaya. Helio G99 ya fi su nesa ba kusa ba, kuma ba ya shan batir sosai. Daga nan sai dangin Dimensity da Snapdragon na matsakaita. Waya biyu za su zo da RAM ɗaya da batir 5,000 iri ɗaya, bayan wata takwas ɗaya tana gudu ɗaya tana rarrafe, kuma injin ne ya raba su.

Kyamara kuwa, yawan lamba ba shi ne kyan hoto ba. Wata Hajiya mai sayar da leshi da turaren wuta a Idi-Araba ta ce mini masu saye suna ƙorafin kalar da ta turo ba ita suka gani ba. Na ce, "Hajiya, ki tafi shagon da ƙyallen leshi ja da shuɗi a jaka. Ki ɗauka a cikin shago, ki fito rana ki ɗauka, ki kwatanta da idonki." Gani ya kori ji. Ramuka uku ko huɗu da ke bayan ƙananan wayoyi ma, sau da yawa ɗaya ne ke aikin kirki, sauran kwalliya.

Mene ne wannan sabunta manhaja da kake ta nanatawa?

Shi ne shekarun da kamfani ya yi alkawarin ci gaba da turo wa wayar gyara da toshe ƙofofin ɓarayi. Yanzu da kuɗin mutum ke cikin OPay da Moniepoint da manhajar banki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ranar da aka daina sabuntawa, daga ranar manhajoji ke fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus, alhali wasunsu ko ƙwarzane babu.

Google ta yi wa Pixel 8 ta 2023 alkawarin shekara bakwai, Samsung ma ta yi wa Galaxy S24 ta 2024 haka. Abin da ya fi shafar aljihun talaka shi ne Galaxy A16, wadda ta fito a ƙarshen 2024 da alkawarin shekara shida. Amma kada alkawari ya ruɗe ka: in ka ɗauki mai RAM 4, za ta gaji tun kafin shekarun su cika. Pixel kuwa waya ce mai kyau, sai dai ba a sayar da ita a hukumance a Nijeriya, ranar da sikirin ya fashe za ka san ka yi baƙo.

Tecno, Infinix, itel, Redmi ko Samsung?

Ukun farko 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin ke yin su, kuma Carlcare ce ke kula da gyaransu. Ƙarfinsu a fili yake: batir mai juriya, caja a cikin kwali, sim biyu, da kayan gyara a kowane lungu. Ko ka tafi gida hutun sallah, a Funtuwa ko Gusau, za a sami sikirin ɗinta. Rauninsu shi ne sabuntawa. Manyan samfuransu na baya-bayan nan sun fara samun shekara biyu zuwa uku, ƙananan kuwa galibi da Android ɗin da suka zo suke tsufa. Samsung ta fi su a wannan fanni da kuma samun mai saye in za ka sayar, amma sau da yawa caja daban za ka saya, kuma sikirin ɗinta na AMOLED in ya fashe kuɗin sauyawa na sa mutum salati. Redmi ta Xiaomi tana tsakiya, takan ba da inji mai kyau a farashinta.

Shawarata ɗaya: kafin ka biya, leƙa wurin mai gyara ka tambayi kuɗin sikirin ɗin wannan samfurin. In ya kusa rabin kuɗin wayar, sake tunani.

IPhone tokumbo, wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, fa?

Tana da daɗi, tana daɗewa, tana kuma riƙe daraja. Amma a nan aka fi cinikin biri a sama. IOS 26, babbar manhajar iPhone ta 2025, daga iPhone 11 ta fara, ta bar XR da XS a baya. Ita 11 ɗin ma ta 2019 ce, ita ce ta gaba a layin sallama. Ga kuma XR da ake sauya wa riga ta koma kamar 14 Pro ko 15 Pro, ido uku a baya amma ɗaya ke gani. In an faɗa maka gaskiya ka saya da saninka, ba laifi. In ba haka ba, shiga saiti ka nemi inda aka rubuta About, can wayar za ta faɗi sunanta na yanka. A wurin ne kuma sababbin samfura ke nuna ko an taɓa sauya batir ko sikirin.

Duba lafiyar batir. Sa sim ɗinka ka kira wani, domin akwai waɗanda ke ɗaure da layin wani kamfanin waje. Gwada buɗewa da fuska. Sannan a wanke wayar gaba ɗaya a gabanka, wato a goge duk abin da ke cikinta ta koma kamar sabuwa, a sake kunnawa. In ta nemi iCloud, wato asusun Apple, na wani, ajiye musu kayansu. Ka kuma sani iPhone 14 zuwa sama da aka yi don Amurka ba su da ramin sim, sai eSIM, wato layin da ake sakawa a cikin wayar ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna yi, amma sai an sauya maka layin.

Lallai sai mai 5G?

A'a. MTN ta fara 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023, kuma Legas na cikin wuraren farko, amma ba kowace unguwa ta samu ba. In kuɗi ɗaya ne, na fi son 4G mai inji da RAM na kirki a kan 5G da aka tsuke wa komai.

Damina ta sha cinye mini waya. Akwai wadda ruwa ba ya shiga?

Akwai mai jurewa. Duba lambar IP da ke nuna juriyarta: IP67 da IP68 suna ɗaukar faɗawa ruwa na ɗan lokaci, IP54 yayyafi da fantsama kawai. Amma da zarar mai gyara ya taɓa buɗe ta, manta da wannan lamba. Kuma garanti ba ya biyan ɓarnar ruwa. Ɗan kai saƙo da ke ratsa Oshodi a watan Yuni, leda mai zif ta fi masa kowace lamba.

A ina zan saya?

Sabuwa, je shago mai ƙofa da suna, ko cikin Computer Village, babbar kasuwar waya ta Ikeja, ne ko wajenta, inda za a ba ka risit mai ɗauke da lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata. Danna *#06#, lambobi 15 za su fito, su yi daidai da na kwali da na risit. Samarin da ke tare mutum tun daga ƙarƙashin gada har titin Otigba suna raɗa masa farashi mai daɗi, gaishe su ka wuce. Kowa ya san labarin wanda ya isa gida ya tarar da fufu a cikin kwanson waya, kuma hannu ake sauyawa bayan ka gama gwadawa, don haka wadda ka gwada kada ta koma hannun kowa da sunan za a sa maka a leda.

Ta hannu kuwa, in babu risit babu mai tsaya maka, bar ta komai arharta. In ta sata ce, lambar IMEI kai za ta nuna. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Biya kaɗan-kaɗan fa?

Haɗa kuɗin farko da na kowane wata, ka kwatanta da farashin hannu, za ka ga ƙarin da ido. Ka kuma sani in wata ya wuce ba ka biya ba, daga nesa ake kulle wayar. Hukuncin ƙarin kuwa na malamai ne, a tambaye su kafin a sa hannu. Ni adashi na fi ba mutane shawara.

Tsohuwar, yaya zan yi da ita?

Kafin komai, adana WhatsApp da lambobinka a asusun Google, kuma ka tabbata kana tuna kalmar sirrinsa. Rabin masu zuwa wurina da sabuwar waya a kwali ba su san ta ba, yaron da ya buɗe musu asusun kuma ya koma Arewa. Fita daga manhajojin banki, cire asusun Google ko iCloud, cire katin memori, sannan ka wanke ta. In ka wanke ba ka cire asusun ba, wanda ka ba kyauta zai dawo yana nemanka don ta kulle. In kuma tana ɗan motsi, ni nakan bar ta a aljihun gaba da ƙaramin layi, ita nake fitarwa in amsa kira a cunkoson danfo, sabuwar tana can cikin jaka.